Wasiƙa daga Damagaram: zancen takardar tallarka

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kasuwa, ya zafin Kwatano? Mu nan Damagaram hunturu ya sauka, ƙura har cikin tuwo, amma sai godiya.

Saƙonka ya iso, na kuma ga samfurin takardar tallar da kake son bugawa. Ka ce kada in ɓoye maka komai, to ga gaskiya: ta yi tsaf, amma ba ta da baki. Kaya ashirin ka cusa a shafi ɗaya, kowane hoto kamar ƙwayar gero, rubutun duka da Faransanci, farashi kuwa ko ɗaya babu. Irin wannan a hannun mai ƙosai take ƙarewa.

Ba da fatar baki nake faɗa ba, na sha wannan ruwan. Bara dukawan unguwarmu nan Birni suka ɗora mini aikin littafin kayansu, abin da ƴan boko ke kira katalog. Na ɗauki hotuna da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki, na tura wa wata maɗaba'a ta WhatsApp. Ranar da aka kawo kwafi 500, wani dattijon baduku ya buɗe shafin jaka, ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya ce, "Yaro, wannan fatar wa ya jeme ta? Ba tamu ba ce." Jar fatar akuyar Maraɗi da aka jeme da bagaruwa, aka rina da karan dafi, ta fito kamar busasshen kilishi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga baya na gane inda gizo ke saƙa. WhatsApp matse hoto yake, sai dai ka tura shi a matsayin fayil. Sannan allon waya da haske yake nuna launi, injin bugu kuwa tawada huɗu yake haɗawa: shuɗi, ja-ja, rawaya da baƙi, shi ya sa ja mai walƙiya yakan dushe a takarda. Masu aikin suna son hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, kuma a bar rarar milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka. Kada ka biya cikon kuɗi sai an buga maka kwafi ɗaya ka riƙe a hannu, ka fita da shi rana ka duba.

A bugu na biyu muka sake lale. Da hantsi, a inuwar zaure, muka shimfiɗa farin ƙyalle, jaka ɗaya tak a shafi. A gefenta muka sa hoton ɗinkin kusa-kusa, har kana ganin inda basilla ta huda, da hannun mai ɗinkin duk rini. Ka tuna yadda ake ciniki a kasuwar Dole? Mai kaya ba ya nuna maka rumfa gaba ɗaya. Abu ɗaya yake ɗaukowa ya miƙa maka, ya ce taɓa ka ji, ya faɗi wanda ya yi, sannan ya sa suna. Abin da nake so takardarka ta yi ke nan, domin ita ce za ta tsaya a madadinka inda ba ka nan.

Zancen farashi, na san abin da za ka ce, wai in an rubuta an kashe ciniki. Ni dai na ga akasin haka. Mutum in bai ga kuɗi ba sai ya ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, kunya ta hana shi tambaya. Rubuta "daga jikka biyar", ka bar ƙofar tayi a buɗe.

Harshe kuma, ka bar Faransancin saboda baƙi, amma ka sa Hausa a sama, gajeru, yadda kake faɗa da baki. Mu har layi ɗaya na ajami muka ƙara ƙarƙashin kowane hoto. Ka ga yadda tsofaffin Zango ke tsayawa suna karantawa suna murmushi, wasu har aljihu suke sakawa.

Sauran ƙananan abubuwa ne. In mai ninki ce, A4 a ninke uku ta isa, takarda mai nauyin giram 135 ko 170, kada ta zama sharara. In littafi ne mai maƙali a tsakiya, shafukan su zama 8, 12 ko 16, don hurhuɗu suke tafiya. Lambar wayarka manya-manya a bango. Alamar QR ɗin nan da ake haskawa da waya ka sa ta, amma ka gwada ta da tsohuwar waya tukuna.

Ka ce yaronka na cewa zamanin takarda ya wuce. Yana da ɗan gaskiya. Kamfanin kayan ɗaki IKEA na ƙasar Suwidin ya fara buga littafin kayansa a 1951, a 2016 ya kai kwafi miliyan 200, amma a ƙarshen 2020 ya ce ya daina, masu sayensa sun koma intanet. To su ke nan. Mu nan mai saye daga Mirriya ko Magarya yakan zo wayarsa ba caji ba kuɗin intanet, amma takardar na naɗe cikin hula, ya zaro ya ce wannan nake so.

Ran Laraba zan ba direban motar Yamai kwafi biyu, na farkon da ya ba ni kunya da na biyun, ƙaninka ya karɓa ya ƙarasa maka da su. Ka ajiye su gefe da gefe kafin ka koma maɗaba'a. Na haɗa maka da ɗan kilishi, kada yara su riga ka.

Ka gaida uwargida da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce Sallar bana ba ta karɓar uzuri.

Naka,
amininka na Birni