Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Abincin Jatan Lande da Ruwan Tanki

Ɗana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Tunda an danƙa maka tankunan ƙyanƙyasar jatan lande, ina so ka sani yawancin lalacewar ruwa daga hannun mai zuba abinci take farawa.

Kusan kashi 16 cikin ɗari na furotin ɗin abincin naitirojin ne, kuma abin da ke zama a jikin 'ya'yan jatan landen bai cika kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran kuwa cikin ruwa yake komawa, ta kashinsu da ragowar abincin da ke ruɓewa a ƙasan tanki, ya zama amoniya. Kada awon amoniya shi kaɗai ya kwantar maka da hankali. Ɓangarenta mai guba yana ƙaruwa idan pH (ma'aunin tsamin ruwa) ya hau ko ruwa ya ɗau zafi, don haka ka auna ukun tare. Ka tsayar da pH tsakanin 7.8 da 8.2, zafi digiri 28 zuwa 30, amoniya mai guba ƙasa da miligiram 0.1 a lita. Ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da ragowar suna cinye iskar oksijin ma, kada ka bari ta sauka ƙasa da miligiram 5 a lita.

A matakin nauplius, wato na farko bayan ƙyanƙyashewa, ba sa cin komai, da gwaiduwar jikinsu suke rayuwa. Duk abin da ka zuba a lokacin, datti ne kawai. Sai sun kai zoea, mataki na biyu, za ka ba su gansakukan ruwa irin Chaetoceros, sannan Artemia (ƙananan halittun ruwan gishiri da ake ƙyanƙyashewa don ciyar da su) a matakin mysis, na uku. Artemia nake so ka fi sa wa ido. Ɓawon ƙwansa yana ɗauke da ƙwayar cutar Vibrio, saboda haka ka raba ɓawon, ka wanke 'ya'yan Artemia sosai da tsabtataccen ruwan teku kafin su shiga tanki. In ka ga ruwa yana ƙyalli a cikin duhu, Vibrio ta riga ta yi yawa.

Garin abinci kuwa kaɗan-kaɗan ake ba da shi, bayan kowace awa 3 ko 4, domin da zarar ya jiƙa sinadaransa suke fara narkewa. Wanda ya fi ƙarfin bakinsu nutsewa yake yi. Kafin ka ƙara, ɗebi ruwa a kofin gilashi ka ɗaga wa haske. In hanjinsu a cike yake, zoea na jan zaren kashi, abinci ya wadatar. In ruwan ya yi duhu, kumfa ta ƙi bajewa, ka rage abinci, ka zuƙe dattin ƙasa da tiyo, ka canja wani ɓangare na ruwan da wanda zafinsa da gishirinsa suka yi daidai da na tankin.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka