Wayar da kuka yi wa dariya da ita aka haska kan ɗiyata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, a kan shirinku na lafiyar iyali na daren Talata na rubuto, kuma ba zan ɓoye maka ba Malam, da ɓacin rai na kashe rediyon. Da mutumin nan ya bugo ya ce ma'aikatan jinya ba abin da suka iya sai danne-dannen waya da yi wa mata tsawa, na zaci mai gabatarwa zai taka masa burki. Sai na ji ya ƙyalƙyale da dariya, har da "ka faɗi gaskiya Alhaji". Shi kuma likitan da kuka gayyato ya yi gum, alhali ya fi kowa sanin wa ke kwana da yaran idan shi ya zagaya ya tafi gida.

Ina so a tambayi Alhajin nan, ya taɓa kwana a ɗakin yara? Maza ai iyakarsu bakin ƙofa da ledar magani. Mu muke kwana, mu za a tambaya.

A watan Agustan bara autata tana da wata goma sha ɗaya ta kama gudawa da amai. Kakarta ta ce haƙori ne, na yarda. Kwana na biyu muka je kemis, aka ba mu maganin ruwa kala biyu aka yi mata allura. Kwana na uku da dare idanunta suka faɗa, maɗigarta ta loɓa, nonon ma ta daina kamawa, kuka take babu hawaye. Babanta yana Jibiya. Maƙwabcinmu mai Keke Napep, Allah ya saka masa da alheri, shi ya kai mu asibiti ana tsuga ruwa.

Nas biyu muka tarar, ɗakin kuwa cike, wani gadon yara bibbiyu. Ɗaya daga cikinsu, wata siririya da ba ta kai ni shekaru ba, ta karɓi yarinyar, ta ɗan tsunkuli fatar cikinta ta saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Hajiya, kwana uku kina ina?" E, da tsawa ta faɗa. Ban ji daɗi ba a lokacin. To amma mi zan ce mata? Ina gida ina jiran haƙori ya fito.

Sai aka shiga neman jijiya don a sa ƙarin ruwa. Wanda bai taɓa ganin ana neman jijiyar yaron da ruwan jikinsa ya ƙare ba, don Allah ya kama bakinsa. Ta gwada bayan hannu, ta gwada ɗaya hannun, ta koma ƙafa, babu. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Ta ciro wayarta, ita wannan wayar da kuka yi wa dariya, ta kunna fitilarta ta miƙo mini ta ce, "Riƙe nan, kada hannunki ya yi rawa." Ta aske gefen kan yarinyar da reza, ta durƙusa gwiwa biyu a kan siminti, tana bin wata 'yar jijiya kamar zare da yatsa, bakinta yana motsi, na san addu'a take. Da jini ya leƙo cikin robar ta ce "Alhamdu lillahi" tun kafin ni in faɗa. Hannuna kuwa ya yi rawa, ba ta ce mini komai ba.

Daren nan ban ga ta zauna ba. Tana daidaita ɗigon ruwan ɗiyata, can wani yaro ya fara jijjiga, uwarsa na ƙoƙarin cusa masa cokali a baki, ta ruga ta fizge cokalin ta kwantar da shi ta gefe. Ta dawo ta soki yatsan tawa, gwajin ya nuna layi biyu, ashe har da zazzaɓin cizon sauro. Nan ma na sha faɗa, don ta tambaye ni maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa daga Yuli zuwa Oktoba, na ce mata na farko da aka ba ta a gabansu kawai ta sha, sauran na kwana biyun suna kan durowa. Ta ce, "Haba Hajiya, durowa ce sauro ke cizo?"

Abin da na iya yau na jinyar yaro a wurinta na koya, ba a shirinku ba. Ita ta nuna mini yadda ake kaɗa ƙunshin ruwan gishiri da sukari a daidai ruwan da aka rubuta a jikin takardar, ruwan da aka tafasa ya huce, a riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba, in ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Ita ta ce ƙwayar zinc sai an cika kwana goma ko da gudawar ta tsaya, kuma kada a kuskura a janye nono. Ranar sallama ta zagaya ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtsen yarinyar, ya tsaya a kan ruwan ɗorawa, ta ce in ya sauka ƙasa da santimita 11.5 ya shiga ja ke nan, tamowa ta yi tsanani. Ta koya mini kunun gero da gyaɗa da waken suya. Ta duba katin rigakafi ta ga ba a yi allurar ƙyanda ta wata tara ba, ta rubuta mini rana.

Ku da kanku kun karanta a labarai cewa ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar nan ta Katsina a wata shidan farko na 2025 saboda tamowa. Waɗanda suka tashi fa, hannun wa ya riƙe su? Da nas-nas suka shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025 ɗin ai kowa ya ji a jikinsa. Na ajinsu da yawa sun haɗa takardu sun yi Saudiyya da Ingila, waɗanda suka tsaya mana kuma ku buɗe layi a zage su, mai gabatarwa yana taya dariya.

Ban ce duk na kirki ba ne. Na gamu da mai baƙar magana a wurin awo, har yau ina jin zafinta. Amma shekara nawa kuna wannan shirin, sau nawa kuka zaunar da nas ɗin ɗakin yara a gaban makirufo? Kullum likita, kullum farfesa. Ku gayyato wadda ta kwana a tsaye, ku tambaye ta yara nawa ne a hannunta daren jiya, sannan a bar Alhajin ya sake bugowa.

Wani abu kuma tunda na ɗauki biro. Don girman Allah ku daina sako talla mai kiɗa daga gama sanarwar rasuwa. Ranar da aka karanta ta ƙanin mahaifina ko "Allah ya jiƙansa" ba a rufe baki ba ganga ta tashi, muna zaune da masu ta'aziyya. Ku ba da ko minti ɗaya tsakani.

Wassalam,
Mai sauraronku, uwar 'ya'ya huɗu,
Ƙofar Marusa, Katsina