Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Ƙungiyarmu Masu Gyaran Famfo da Injinan Tace Ruwa, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawan sana'a, mai girma shugaba, 'yan kwamiti, da sauran 'yan uwa na gida da na nesa, musamman 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ba su samu zuwa taro ba, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi bana. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda. Ma'aji zai karanta shi da kansa, da rasiɗai a hannu, don wanda ke da tambaya ya yi ta ido da ido.

Kowa ya san yadda shekarar ta zo mana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sannan kuɗin wuta ya tashi wa masu layin Band A, wato layin da ya fi samun awoyin wuta, a watan Afrilun 2024, masu gidajen ruwan leda suke lissafin kowace awa da injin ya yi yana juyawa. Kayan gyara kuwa farashinsu na bin dala. Mutumin da a da zai ce maka "sauya sabo kawai", yanzu cewa yake "Malam, duba mini ko zai gyaru." Wannan matsin ne ya kai mu ga aikin da ya fi cin lokacinmu bana, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Zaman karatun zanen famfo da bawul

A taron bara wani dattijonmu ya kawo ƙorafi cewa muna kwance bawul, mu gyara, mu mayar, amma in aka tambaye mu me ya sa aka ƙera shi haka sai mu yi shiru. Daga nan aka yanke shawarar zama duk Asabar ta ƙarshen wata a shagon shugaba. Wani ɗanmu da ya karanta injiniyanci shi ke sauko mana da takardun mallakar ƙirƙira daga intanet, a shafukan Google Patents da Espacenet, inda ake samunsu kyauta. Yana fassara mana, mu kuma muna ajiye ainihin kayan a kan tabarma muna kwatantawa da zanen.

Da yawanmu ba mu san yadda abin yake ba. Wanda ya ƙirƙiro wani abu, gwamnati na ba shi takardar da ke hana wasu ƙerawa ko sayarwa ba da izninsa ba na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa. A madadin haka dole ya bayyana yadda abin ke aiki dalla-dalla, har da zane. In shekarun sun cika, kowa na iya ƙerawa. Ƙari a kan haka, takardar ƙasa ɗaya ba ta aiki a wata ƙasa. Abin da aka yi wa rajista a Amurka kaɗai, ba a yi masa a Najeriya ba, ba shi da kariya a nan.

Mun fara da sumo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, irin na sola mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa cikin roba. Wasu cikinmu sun ɗauka sabuwar fasaha ce da ta zo tare da farantan sola. Ashe wani Bafaranshe ne, René Moineau, ya ƙirƙiro wannan tsari tun 1930. Karatun ya nuna mana dalilin da ya sa irin wannan famfo ke tura ruwa daga rijiya mai zurfi ko da rana ba ta yi ƙarfi ba: duk juyi ɗaya yana ɗaukar adadin ruwa iri ɗaya, ko a hankali yake tafiya. Ya kuma nuna mana dalilin mutuwarsa da wuri in ya juya babu ruwa, domin ruwan ne ke sanyaya robar, in babu sai ta ƙone. Tun daga ranar muka sa wa kanmu doka cewa ba ɗan ƙungiyar da zai saka irin wannan sumo ba tare da na'urar da ke kashe shi in ruwa ya ja baya ba. Mai gida in ya ce kuɗin ya yi yawa, a gaya masa araha ba ta ado.

Daga nan muka koma kan injin RO, wato injin da ke matsa ruwa da ƙarfi ta cikin siririn mataci don raba shi da gishiri da datti, wanda shi ne abincin yawancinmu yanzu. Matacin da ke cikinsa, wanda muke ce wa mambiren, ya samo asali ne daga aikin Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles wajen 1960. Irin wanda muke sakawa yau kuwa ya biyo ƙirƙirar John Cadotte ne, wanda aka ba takardar mallaka a Amurka a 1981. Siririyar fatar da ke tace gishirin ba ta jure kulorin ko kaɗan. Shi ya sa ake sa tulun gawayi, mai tsotse kulorin, kafin ruwa ya iso gare ta. Mun je gidajen ruwa da dama inda aka bar gawayin ya mutu shekara da shekaru, kulorin na wucewa yana cin mambiren, mai gida kuma yana zagin ɗan kasuwa wai jabu ya sayar masa. Wani lokacin jabun ne, amma ba kullum ba.

Zaman da ya fi armashi shi ne na ƙaramin bawul mai ƙofa huɗu da ke cikin RO na gida. Ba ya amfani da wuta. Roba ce a ciki da ke auna matsin ruwa ta ɓangarori biyu, in matsin tanki ya kai kusan kashi biyu cikin uku na matsin ruwan da ke shigowa sai ta rufe hanya. In kuwa ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya ya lalace, matsin ba zai tsaya ba, injin zai yi ta zubar da ruwa a kwata dare da rana. Da yawanmu mun sha sauya mai ƙofa huɗun alhali laifin na ɗan ƙaramin ne. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Mun kuma ga zanen wani famfo da ke amfani da ƙarfin ruwan da ake zubarwa wajen tura mai kyau cikin tanki. Wannan dabarar ce manyan matatun ruwan teku ke amfani da ita ta wata siga don rage kuɗin wuta. Ba mu kai ga gwada shi ba.

Tuƙa-tuƙa

A nan labarin ya sha bamban. Tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II, da aka ƙera a Indiya cikin shekarun 1970 da hannun UNICEF, da Afridev, da aka raya a Malawi da Kenya cikin shekarun 1980, ba mallakar kowa ba ne. Da gangan aka bar zanensu a buɗe don kowace masana'anta ta iya yi. Wanda muke kira RUWATSAN 2 a Najeriya Afridev ne. Kyawunsa shi ne ana iya zaro fistin da bawul ɗin ƙasa ta cikin bututu ba tare da an ɗaga bututan duka ba, mutum biyu sun isa. India Mark II kuwa sai an tara ƙarti da kayan ɗagawa, kuma in ruwan rijiyar mai tsami ne bututan ƙarfensa kan yi tsatsa, ruwa ya fito ja, mata su ƙaurace masa su koma kududdufi.

'Yan uwanmu na Nijar sun faɗa mana nasu. Can famfon ƙafa na kamfanin Vergnet na Faransa ya yawaita, kayan gyaransa kuma ta hannun wakilan kamfanin suke fitowa. Sun ce ingancin kayan ba ya sauyawa, sai dai in babu a shagon wakili, jira ya kama ka. Mu kuma namu kayan ko'ina akwai, daga Sabon Gari har Ƙofar Ruwa, amma mai kyau da marar kyau duk a kwali ɗaya. An yi ta muhawara kan wanne ya fi, ba a tashi da matsaya ba. Ni dai a ganina wanda famfon ƙauyensu ya mutu a tsakiyar bazara ba ruwansa da wannan gardama.

A rani tawagarmu ta fita wasu ƙauyuka na yammacin Kano ta tayar da tuƙa-tuƙan da suka daɗe a mace. Mafi yawansu ba abin da ya kashe su sai roba da ta cinye da ƙusoshin da suka kwance. A kowane gari mun koya wa matasa biyu yadda za su sauya robar da kansu, muka bar musu sifana.

Abin da ya faru da ƙirƙirar ɗanmu

Wannan ne abin da ya fi ba mu takaici, kuma da izinin mai abin nake kawo shi. Ɗaya daga cikin matasanmu ya haɗa wani bawul da ke kawar da ruwan farko mai laka da ke fitowa daga rijiyar burtsatse in an kunna sumo, sai ruwan ya washe sannan ya buɗe hanyar tanki. Da gutsattsarin bututun roba da ƙwallon tankin bayan gida ya yi shi. Mun gwada a gidan ruwa guda, matatan farko suka riƙa daɗewa kafin su toshe. Murna ta sa ya ɗauki bidiyo yana kwance shi yana bayanin komai, ya ɗora a Facebook da TikTok.

Bayan haka ne muka kai maganar gaban lauya. Ya karanta mana Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zane ta 1970. Sharaɗin farko shi ne abin ya zama sabo, wato ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani da shi. Rangwamen da dokar ta yi na wata shida ne kawai, ga wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Bidiyo ba ya cikin wannan. Ya ƙara da cewa ofishin rajista na Abuja, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, takardu kawai yake dubawa ko sun cika, ba ya binciken ko abin sabo ne. Ana iya ba ka takarda, gobe wani ya kai ka kotu a soke ta, kuma bidiyonka da kanka shi ne shaidarsa. Haka nan dokar na bai wa wanda ya riga shigar da takarda ne, ko da wani ya riga shi tunanin.

Da muka ƙara bincike sai muka tarar da tsofaffin zane masu kama da nasa, na kawar da ruwan farko daga rufin ɗaki kafin ya shiga tanki. Wannan ya ɗan rage zafin abin, don wataƙila ko ba bidiyo da sai an sha fama. Yaron bai karaya ba. Yana aikin wani gyara a kan bawul ɗin wanda bai nuna wa kowa ba sai mutum uku na kwamiti. Za mu bi ta hukumar NOTAP, wadda ke taimaka wa masu ƙirƙira na gida wajen shigar da takardunsu. In abin ya yi kyau kuma ana son kariya a Nijar, sai an bi ta OAPI, hukumar rajistar ƙirƙira ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, wadda rajistarta ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi. Najeriya ba ta ciki.

Saboda haka kwamiti na roƙon kowa: in ka haɗa wani abu da kake ganin sabo ne, kawo shi ofis kafin ka ɗauki waya.

Batun sunan kamfani a kan kayan gida

Da aka ji cewa tsofaffin zane halal ne a kwaikwaya, wasu suka zarce. An kama wani ɗan ƙungiya yana buga sunan wani sanannen kamfanin waje a jikin bawul ɗin da aka zuba a nan gida. Ƙarewar wa'adin ƙirƙira daban, sunan kamfani daban. Ƙera abin ba laifi, amma liƙa masa sunan wani ha'inci ne a shari'a da addini. An ja masa kunne a gaban dattawa, ya goge, ya nemi afuwa. Abin haushin ma bawul ɗin nasa ba shi da laifi, da ya sa sunan shagonsa da shi za a riƙa nema.

Sauran ayyuka

Mun yi bitar kwana ɗaya kan famfon ɗiga kulorin. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a samu aƙalla miligiram 0.5 na kulorin a kowace litar ruwa bayan minti 30 da zubawa. Har yanzu wasu da hanci suke aunawa. Ƙungiya ta sayi kayan gwaji, suna ofis, aro kyauta ne, a dai dawo da su. Mun kuma taya wasu 'yan uwa shirya gidajen ruwansu kafin zuwan jami'an NAFDAC.

Abin da muka yi alkawari bara ba mu cika ba shi ne sayen injin feƙe ƙarfe na ƙungiya. Kuɗin bai kai ba, domin da yawa ba su biya kuɗin wata ba. Sunayensu na wurin ma'aji, ba zan karanta su a nan ba.

Mun yi rashin dattijonmu da ya koya wa da yawanmu zaren bututu tun muna yara. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna makomarsa, Ya bai wa iyalansa haƙuri. An kai gudummawar ƙungiya gidan.

Shekara mai zuwa

Zaman Asabar zai ci gaba. Na farko zai kasance a kan famfon da ruwa ke tura kansa ba wuta ba mai, wanda Joseph Montgolfier na Faransa ya ƙirƙira a 1796. Bawul biyu ne kawai ke motsi a cikinsa, amma sai inda ruwa ke gangarowa yake aiki, don haka muna neman ɗan uwa da ke da gona kusa da magudanar ruwan Tiga ko Kadawa ya ba mu wurin gwaji. Za a fassara zanen da muka karanta bana zuwa Hausa a buga su a ƙaramin littafi don yaran shago. Wanda ke da tsohon bawul ko sumo da ya mutu, kada ya sayar wa 'yan gwangwan, ya kawo shagon shugaba kafin ƙarshen wata, muna so mu yanka su biyu don koyarwa.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa