Wasiƙa daga Shanghai: gaɓar tekun da aka bari ba mai gadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, sai dai sanyin Shanghai ya fara ratsa ƙashi.

Ka tambaye ni yadda aka yi Japan ta ci birni irin wannan a 1937, alhali sojojin Sin sun fi nata yawa nesa ba kusa ba. A ganina amsar tana wani gari da ke kudu da nan, Jinshanwei, a bakin mashigin tekun Hangzhou. Yau jirgin ƙasa kan kai mutum can cikin sa'a guda.

Faɗan ya ɓarke ne ranar 13 ga Agusta, makonni kaɗan bayan rikicin da sojojin Sin da na Japan suka yi a gadar Marco Polo kusa da Beijing. Chiang Kai-shek, jagoran Sin na lokacin, ya zuba zaratan sojojinsa, runduna ta 87 da ta 88 waɗanda Jamusawa suka horar, da niyyar ya murƙushe sojojin ruwan Japan da ke cikin gari kafin agaji ya iso musu. Haƙarsa ba ta cimma ruwa ba. Ranar 23 ga watan, Janar Matsui Iwane na Japan ya sauke dakaru daga teku a Wusong da Chuanshakou, arewa da birnin, manyan jiragen yaƙi suna yi wa gaɓar ruwan wuta.

Saukar dai sun sauka, amma gaba ta gagara. Yankin duk gonaki ne da rafuka, ga taɓo, kowane ƙauye sai an zubar da jini kafin a wuce shi. A Baoshan bataliyar Yao Ziqing, wani hafsan Sin, ta tsaya har kusan kowa a cikinta ya mutu. Garin Luodian kuwa yau yana hannun wannan, gobe yana hannun wancan. Sai ƙarshen Oktoba Japanawa suka kama Dachang, wurin da bai kai tafiyar yini a ƙafa ba daga inda suka sauka.

To, a nan ne ta ɓaci. Wannan fage na arewa yana cin mutane ba ƙaƙƙautawa, sai manyan hafsoshin Sin suka riƙa kwaso sojojin da ke gadin gaɓar kudu suna cike gurbi da su. Lissafinsu shi ne gaɓar Hangzhou laka ce shimfiɗe, igiyar ruwanta kuma ba ta da kirki, babu mai hankalin da zai sauke runduna a can. Abin da ya fi ba ni takaici, sarakunan daular Ming sun kafa sansani a Jinshanwei tun ɗaruruwan shekaru baya, don tsare 'yan fashin teku da ke zuwa daga ɓangaren Japan. Ke nan kakanninsu sun san ƙofa ce.

Da asubahin 5 ga Nuwamba, cikin hazo, runduna ta 10 ta Japan ƙarƙashin Janar Yanagawa Heisuke ta sauka a wurin. 'Yan tsirarun da suka rage ba su iya tare ta ba. Cikin 'yan kwanaki ta kai Songjiang, ta datse layin dogon da ya haɗa Shanghai da Hangzhou, ta ɓullo wa sojojin Sin ta baya.

Ni Chiang nake ɗora wa kaso mafi tsoka na laifin abin da ya biyo baya. An buɗe taron manyan ƙasashe a Brussels ranar 3 ga Nuwamba kan wannan yaƙi, shi kuma yana so duniya ta ga har yanzu yana riƙe da Shanghai, ko Amurka da Ingila za su taka wa Japan burki. Don haka ne ma ya bar mutum ɗari huɗu da 'yan kai a rumbun ajiya na Sihang suna faɗa a kan idon Turawan da ke tsallaken rafin Suzhou. Taron ya watse ba a tsinana komai ba. Kafin a ba da umarnin janyewa lokaci ya ƙure, janyewar ta koma gudun ceton rai, jiragen sama na bin su a kan hanya. Da suka isa ramukan kankare da aka gina musu tsakanin Shanghai da Nanjing, babban birnin Sin na lokacin, da yawa a kulle suka same su, masu makullan sun tsere. Ranar 13 ga Disamba Nanjing ta faɗi, kisan gillar da aka yi wa mutanenta kuwa ka riga ka sani.

Rumbun Sihang yana nan, an mai da shi gidan tarihi, bangonsa na yamma duk hudar harsashi. In Allah Ya kawo ka sarin kaya bana, ka ware yini guda mu je tare.

Ka gaishe min da Hajiya da uwargida da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Amininka