Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Canza Bututun Iskar Motarsa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ummanka ce ta fara tsegunta mini cewa kana shirin cire akwatin filtar iska da motarka ta zo da shi, ka sa irin bututun nan mai ƙyalli da filta kamar mazurari a bakinsa. Ranar da ka kira ka ce an tabbatar maka zai ƙara wa motar ƙarfi ya kuma rage mata shan mai, shiru na yi, don na ji daga muryarka ka riga ka yi nisa. Na ga gara in rubuto ka karanta a natse.

Maganar da aka gaya maka tana da tushe. Kafin inji ya ƙone kilo ɗaya na fetur yadda ya kamata, sai ya zuƙi iska kilo 14.7. Inji mai lita 2 irin naka, in ka kai shi juyi 6,000 a minti, iskar da yake nema a wannan mintin ta kusa lita 6,000. Iska mai sanyi kuma ta fi mai zafi nauyi, duk saukar digiri 10 na Salsiyas tana ƙara mata wajen kashi 3 cikin ɗari. In iska ta ƙaru, aka ƙara mai, ƙarfi zai ƙaru. Har nan ban da ja.

To amma sau nawa a mako kake taka totur har ƙasa, allura ta kai 6,000? A bayan filta akwai wani faifai a maƙogwaron injin, shi ƙafarka ke buɗewa da rufewa. A tuƙin yau da kullum ɗan kaɗan yake buɗe, kuma da gangan yake tare iskar, don injin bai buƙaci fiye da haka ba. Ka faɗaɗa ƙofar gida iya son ranka, muddin ƙofar ɗaki a sakaye take, ɗai-ɗai za a shiga. Sai faifan nan ya buɗe gaba ɗaya, injin yana kuka, sannan faɗin bututu zai yi tasiri. A motar da ba ta da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ba a kuma taɓa komai a cikin injinta ba, abin da ake samu a nan ɗin ma ƙarfin doki ne 'yan kaɗan, wanda na'urar gwaji ce ke ganinsa, mai tuƙi da ƙyar ya bambance.

Za ka ce abokinka ya sa, kuma ka ji bambanci da ka shiga. Ka ji, amma da kunne. Duba bututun motarka da kyau, za ka ga wasu ƙananan akwatunan roba manne a jikinsa kamar ba su da aiki. Aikinsu kashe gurnanin iska. Da an cire su sai motar ta riƙa ruri duk lokacin da aka taka ta, zuciya kuma ta ce gudu ya ƙaru. Ni ma ta taɓa yaudarata ina saurayi, a wata tsohuwar mota mai kafireta da na cire wa murfin filta. Wata guda ina jin kaina, tafiyar tana nan yadda take.

Batun shan mai kuwa, cire shi daga lissafinka. Motarka mai injekta ce. Akwai na'urar da ke auna iskar da ta shiga, akwai wata a salansa da ke duba hayaƙin da ya fita, kwamfutar motar kuma tana daidaita mai da iska a kowane lokaci. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka ta gwada motoci da filtar da aka toshe. A masu injekta shan mai bai canza wani abin kirki ba, saurin ɗaukar gudun motar ne ya yi sanyi. Mai kafireta ce ta ƙara sha. In toshe filta bai ƙara shan mai ba, buɗe ta ba zai rage shi ba. Abin da na fi gani ma, mai sabon bututu ya fi yawan taka totur don ya ji ƙarar, sai tanki ya riƙa saurin ƙarewa.

Abin da ya hana ni barci dai asara ce. Bututun kamfani daga gaban mota yake ɗebo iska, inda take da sanyi. Gajeren nan da aka fi sayarwa a ƙarƙashin bonet yake zama, kusa da inji da lagireto, in kana tsaye a cunkoso zafi kawai yake zuƙa. Ka ga an sayar maka da akasin abin da ka je nema. Dogon kuma, mai sauka bayan bamba, yana samun sanyin, amma bakinsa yana kusa da ƙasa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ka shiga ruwan da ya kai bakin filtar, injin ya zuƙe shi, fistin zai taso ya tarar da abin da ba ya dannuwa, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe ko ta karye. Na ga wanda haka ta same shi, a ruwan da ƙananan motoci ke ratsawa lafiya. Inji guda ya saya.

Sai ƙura. Filtar da ta fi barin iska ta wuce, sau da yawa ta fi barin ƙura ma. Wannan ba a jinsa yau ko gobe. A hankali take cin ringi da bangon silinda, sai bayan shekaru ka ga mota tana shan baƙin mai tana hayaƙi. Irin ta auduga da ake wankewa a shafa wa mai tana da nata sharaɗin: in man ya yi yawa yakan taɓa siririyar wayar da ke auna iska, lissafin kwamfuta ya rikice, wutar gargaɗi ta kama. Kuma in motar tana cikin garanti, duk matsalar da aka danganta da canjin, kai za ka biya.

Akwai inda abin ke da amfani, ba zan ɓoye maka ba. Mota mai turbo da aka sake wa saitin kwamfuta, aka faɗaɗa salansa, takan kai inda akwatin kamfani ya yi mata kaɗan. Masu tsere a fili ma suna da hujja. Taka ba ta cikin waɗannan.

In ƙarar ce ke burge ka, faɗa mini haka kai tsaye, ba zan yi maka dariya ba, kuɗinka ne. Sai dai ka zaɓi wanda ke da rufaffen akwati mai ɗebo iska daga waje, kuma kada ka yar da na kamfanin, za ka neme shi ranar sayar da motar.

Kafin nan, gobe da safe ka buɗe akwatin, ka zaro filtar ka ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, canza ta da sabuwa irin ta takarda, ka duba fulogi da iskar taya, ka tuƙa mako guda, sannan ka kira ni mu yi magana.

Ummanka tana gaishe ka. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka, ya tsare hanya.

Mahaifinka