Amsa ga malamin da ya ce na zuba ido kuɗin mutane na narkewa

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayarka ta iso, kuma tunda a bainar jama'a ka jefo ta, a nan zan mayar maka. Ga wanda bai ji ba, cewa ka yi in har na san kasuwar hannayen jari kamar yadda ake faɗa, me ya hana ni gaya wa mutane su sayar kafin faɗuwar 2022? Ka kira shawarata, ta a sayi asusu mai bin ma'aunin kasuwa gaba ɗaya, wato wanda ya haɗa hannayen jarin kamfanoni masu yawa, a riƙe shi shekaru, shawarar raggo. Ka jawo misalin Japan, sannan ka rufe da tambayar wa ke biyana.

Raggon bai dame ni ba. Abin da ya sosa min rai shi ne zargin cewa na ga faɗuwa tafe na yi shiru, masu ƙaramin ƙarfi suka tafka asara. Ban gan ta tafe ba, Malam. Kai ma ba ka gan ta ba. Da ka gani, da ka nuna mana rubutunka mai kwanan wata na kafin Janairun 2022, ba wanda ka yi bayan ma'aunin S&P 500, mai auna hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka 500, ya riga ya zubar da kusan kashi 25 cikin 100 zuwa Oktoba ba. Bambancina da kai ɗaya ne: ni na gina shawarata a kan cewa ba wanda ya san gobe, kai kuwa kana karɓar kuɗi a kan cewa ka sani.

Bari mu ɗauka ma ka yi sa'a ka ce a sayar. Rabin aiki ka yi. Wanda ya fita dole ya san ranar komawa, kuma a nan ake yin tuntuɓe, don ranakun da kasuwa ta fi tashi suna ɓuya ne a tsakiyar tashin hankali. A ranar 13 ga Oktoban 2008, ana tsaka da durƙushewar bankuna, S&P 500 ya tashi da fiye da kashi 11 a wuni guda. A 2020 ya faɗi da kusan kashi 34 daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris, washegari ya tashi da fiye da kashi 9, zuwa Agusta ya wuce inda ya baro. A 23 ga Maris ɗin nan duniya na kulle saboda annobar korona, ba rigakafi, labarai duk na mutuwa ne. Wane ɗalibinka ne zai iya danna "saya" a wannan rana? Wanda ya sayar don tsoro jira yake hankali ya kwanta, kuma kafin hankali ya kwanta farashi ya yi gaba. Sai ya koma ya sake sayen abin da ya sayar, amma da tsada, ya biya la'adar dillali sau biyu, a wasu ƙasashen har da haraji.

Ba hasashena ba ne wannan. Masana harkar kuɗi Brad Barber da Terrance Odean sun bi diddigin asusun gidaje 66,465 a Amurka daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 a shekara, kasuwar da suke ƙoƙarin cinyewa ta ba da 17.9. Manyan ma ba su tsira ba. Shahararren mai zuba jari na Amurka Warren Buffett ya yi fare na dala miliyan ɗaya da wani kamfanin kula da jari cewa asusu mai bin S&P 500 zai wuce zaɓaɓɓun asusun ƙwararru a shekara goma, daga 2008 zuwa 2017. Nasa ya ƙaru da kusan kashi 126, nasu a tsakaice bai kai 40 ba. Kuma lura, shekarar farko ta faren ita ce 2008 mai ban tsoro. Ina fata ba za ka kira shi raggo ba.

Sannan ka yi wa shawarar gyaran fuska kafin ka soke ta. Ban taɓa cewa mutum ya juye duk abin da ya mallaka a hannun jari ya kwanta ba. Kafin ya sayi ko ɗaya, ya ware kuɗin buƙatunsa na wata uku zuwa shida a inda zai iya cirewa nan take. Duk kuɗin da zai buƙata cikin shekara biyar ba su da hurumi a kasuwar, don wanda tilas ta sa ya sayar a ƙasa shi ne asararsa ta takarda ke zama ta gaske. Abin da ya saura sai a raba, a misali kashi 60 hannun jari, kashi 40 kadarori masu sanyin motsi irin su takardun lamuni, wato bashin da ake ba gwamnati ko kamfani, a rubuta rabon a ajiye. Sau ɗaya a shekara, ko in rabon ya kauce da maki biyar, sai a daidaita. Ga yadda take: mai miliyan ɗaya yana da dubu 600 a hannun jari. Kasuwa ta faɗi da kashi 30, suka koma dubu 420, jimilla dubu 820, rabon hannun jari ya sauko kusan kashi 51. Don ya koma 60 sai ya ɗebo dubu 72 daga ɗaya ɓangaren ya ƙara saye. Ka ga ya sayi araha ba tare da ya yi duba ba. Ƙa'idar da ya rubuta lokacin hankalinsa na kwance ita ta yanke masa hukunci ranar da hankalin ya tashi. Gaskiya ne a 2022 takardun lamuni ma sun faɗi tare da hannun jari saboda hauhawar farashi da ƙarin kuɗin ruwa, shekarar ta yi wa wannan rabon zafi. Zafi ne, ba mutuwa ba.

Japan kuwa, e, ma'aunin hannayen jarinta, Nikkei, ya kai ƙololuwa a Disambar 1989 bai sake taka wurin ba sai Fabrairun 2024. Hujja ce ta kada a tattara jari a ƙasa ɗaya, kuma haka nake faɗa. Ba hujja ba ce ta a biya ka kuɗin aji.

Batun wa ke biyana, ba kowa. Asusun da nake nuna wa mutane su ne mafi arhar kuɗin kula, wasu ƙasa da kashi 0.2 a shekara, babu rarar da za a sayi bakin marubuci da ita. Miliyan ɗaya mai ƙaruwa da kashi 7 a shekara tana zama miliyan 7.6 a shekara 30. Cire kashi 2 na kuɗin kula, ta tsaya a miliyan 4.3. Wanda ke wannan lissafin a fili ba ya yin abokai a cikin masu sayar da asusu.

Amma tunda ka buɗe ƙofar, banza ba ta kai zomo kasuwa. Tambayarka ta fito ne daidai lokacin da kake ɗaukar sababbin ɗalibai a ajinka na cinikin canjin kuɗi da rancen dillali. Hukumar kula da kasuwannin jari ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, shi ya sa ta taƙaita rancen yadda ciniki ba zai wuce ninki 30 na kuɗin da mutum ya zuba ba a manyan kuɗaɗe, ta kuma tilasta wa dillalai rubuta adadin masu asara a tallarsu. Ko a ninki 30, motsin kashi uku da ɗoriya ya isa ya share uwar kuɗi. Mai asusun da ya faɗi da kashi 25 yana nan da hannayen jarinsa cif, yana karɓar ribar da kamfanoni ke rabawa. Wanda dillali ya rufe wa ciniki ba shi da abin da zai jira ya farfaɗo.

Abin da ya ishe ni ke nan da ku masu wannan sana'a baki ɗaya. Hoton ribar wuni ɗaya a allon waya, jingina da motar da ba a san mai ita ba, alƙawarin kashi kaza kowane wata. Bernard Madoff, ɗan damfarar masu zuba jari na Amurka, shi ma ribar da ba ta tangarɗa ya riƙa nunawa, har 2008 ta tona shi, kotu ta ba shi shekara 150. Ban ce kai shi ba ne. Cewa na yi ɗalibin da ya yi asara kunya ke sa shi shiru, ya ɗora wa kansa laifi, ku kuwa ku goge tsohon saƙo ku buɗe sabon aji.

Don haka ga tawa tambayar. Ka fito da duk umarnin saye da sayarwa da ka ba ɗalibanka a shekara uku da suka wuce, da kwanan wata da farashin shiga da na fita, har waɗanda aka goge. A cire la'ada da kuɗin aji, a jera sakamakon kusa da na S&P 500 a daidai wannan lokaci. Ka zaɓi mai binciken kuɗin da ka yarda da shi, ni zan buga abin da ya samo ba tare da na taɓa ko waƙafi ba.

Ka huta lafiya.