Takardar Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi Kan Dattawanmu Masu Hawan Jini da Ciwon Suga

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Mu talakawanka ne, dattawa maza da mata, da 'ya'yan da ke jinyar iyayensu a gida. Mun zo da kuka, kuma ba kuɗi muka zo roƙo ba.

Babu layin da za a shiga a unguwanninmu ba a tarar da dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye ba. Wani jiya da shi aka yi sallar isha'i, da asuba baki ya karkace. Wata gyatuma ƙaya ce ta soke ta, miki ya ƙi warkewa saboda suga, har aka yanke ƙafar. Sai a ce iska ce ko sammu, alhali da yawansu sun yi shekaru da hawan jini ba a taɓa ɗaura musu abin awo a hannu ba. Ciwon nan ba ya sallama.

Wanda ya samu ya je asibiti, magana ɗaya ake sallamarsa da ita: rage gishiri, rage zaƙi, riƙa motsa jiki. Gaskiya ce. Amma, ranka ya daɗe, tsoho ba shi ke girki ba. Tukunya ɗaya ce a gidan mutum goma sha biyar, surukarsa ta zuba gishiri, ta marmasa dunƙule huɗu, ta jefa kanwa a wake, ita ma kanwar tana da sinadarin da ke cikin gishiri. In ya ce a ware masa miya, a ce tsufa ya sa shi fitina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babba zai ci na gishiri a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi. Wa ya taɓa gaya wa mai riƙe da ludayi wannan? Ga wajen suna da biki, abin da ake girmama dattijo da shi lemon kwalba ne, in ya ƙi sha a ce ya raina masu gida.

Motsa jikin ma kunya ta hana. Dattijo mai furfura ya fito yana zagaye fili shi kaɗai, kafin azahar an ce ko Baba ya fara ruɗewa ne. Mata kuwa ba a ma maganarsu. Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa da ɗan sauri, kwana biyar.

Akwai inda aka gwada. A Amurka, binciken da aka fitar a 2002 ya bi mutum sama da 3,000 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba. Waɗanda aka taimaka wa suka gyara cimarsu, suka rage ƙiba, suka riƙa tafiyar nan, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. A cikin masu shekara 60 zuwa sama, kashi 71 ne. Tsofaffin sun fi matasa cin riba. Kuma ba takarda aka miƙa musu aka ce su tafi ba, an yi ta bibiyarsu ne.

Saboda haka muna roƙon mai girma ya sa baki a ba mu filin makarantar firamare bayan sallar asuba, kafin yara su shigo, maza su riƙa zagayawa a ayari. In aka ga Dagaci da Liman a sahun gaba ko da sau ɗaya ne, surutun ya mutu. Mata a ba su nasu lokacin a harabar Islamiyyar matan aure, a can ne kuma muke son ma'aikaciyar lafiya ta zauna da masu girki, ta nuna musu miyar da daddawa, citta, tafarnuwa da albasa za su ɗauki nauyin ɗanɗanonta. Zogale, rama, yakuwa, wake, gero da dawa duk namu ne, ba sai an sayo komai daga waje ba.

Muna kuma roƙon a nemo mana ma'aikacin lafiya daga ƙaramar hukuma, sau ɗaya a wata, ya zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa da abin awon jini da na suga. Kowa a rubuta masa a kati. Wanda awonsa ya yi ta kaiwa 140 bisa 90, ko sugansa kafin karin kumallo ya kai 126, a tura shi asibiti, kada a tsaya. Tafiya da gyaran miya ba sa maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Mun haɗa karo-karo, mu za mu sayi na'ura da tsinken gwaji.

Sai masu yawo da mota da lasifika ranar kasuwa, suna cewa jarka ɗaya tana raba mutum da suga har abada. Mun ga waɗanda suka ajiye maganinsu saboda su, muka kuma raka su makwanci. A tsawatar.

Ranar 14 ga Nuwamba ce ranar ciwon suga ta duniya. Muna fatan a ranar mai girma zai buɗe mana zagayen farko, limamai su sanar a huɗubar Juma'ar da ta gabace ta. Wakilanmu a shirye suke su zo fada duk ranar da aka kira su.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da nasara.

Mu ne naka masu biyayya,
Dattawa da masu jinya na unguwannin gundumarka.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna haɗe da wannan takarda.